Marquell Pettway, Wanda Ya Ƙi Jami'a

A garinmu Gary, a Amurka, an yi wani lokaci da in uwa tana so ta tsorata ɗan da ya fi son ƙwallo a kan littafi, sunan yayana take kira. "Ci gaba dai, kana nan za ka zama Marquell Pettway." Na ji wannan magana a kanti, na ji ta a ƙofar coci. Har a ajin da nake koyar da lissafi wani yaro ya taɓa jifar abokinsa da ita, bai san ƙanwar mutumin ce tsaye a gaban allo ba, don da sunan mijina aka san ni a makaranta. Shi kuwa mai sunan, in aka kai masa labari, dariya yake yi ya ce ko ba komai ba su manta da shi ba.

Mu biyu ne wajen iyayenmu, shi ne babba, ni Nadine ina bi masa. Babanmu, Cleotis Pettway, a masana'antar ƙarfe ya yi aiki tun yana saurayi, kuma ɗan a-mutun ƙungiyar ƙwadago ne. Duk yajin aikin da aka yi yana sahun gaba, riƙe da kwalin zanga-zanga cikin dusar ƙanƙara. Mama, Verlene, ita ke dafa wa yara abinci a wata firamare. A gidanmu in an gama addu'ar cin abinci, Baba yakan ɗora da nasa wa'azin: kada ka yarda wani ya ci guminka ya sallame ka da na gode. Mun ji har mun haddace.

Marquell bai gama ƙaramar sakandare ba ya fara sunkuyar da kai in zai shiga ɗaki. Unguwa ta sa masa suna Tsani. A bayan cocinmu akwai filin ƙwallon kwando na siminti, kwando ɗaya ma babu raga. Da hunturu yakan ɗauki shebur ɗin Baba ya kwashe ƙanƙarar da ta rufe filin, ya yi ta jifa har yatsunsa su tsattsage. Dogaye da yawa a Gary, amma shi hannunsa daban ne. In ya saki ƙwallo daga nesa sai ka ce ajiye ta ya yi a kwandon.

A shekararsa ta ƙarshe a sakandare, farkon shekarun dubu biyu ke nan, zauren wasan makarantarmu ya daina ɗaukar mutane. Har daga Chicago ake tahowa kallo. Sai masu horar da ƙungiyoyin jami'o'i suka fara sallama a gidanmu. Kowanne ya zo, Mama ta soya tarwaɗa, ta gasa burodin masara, ta dafa ganye, ta fito da farantan da ba a taɓawa sai Kirsimeti.

Wata Lahadi da rana aka yi baƙo daga wata babbar jami'a, dattijo mai furfura da ƙaton zobe a yatsa. Ya ci, ya yaba, ya goge baki, ya dubi Mama.

"Uwargida, ki ba ni yaron nan, ni zan zame masa uba na biyu. Mu can duk 'yan gida ɗaya ne."

Mama ta yi murmushi. Baba ya gyara zama. Marquell bai ɗago daga farantinsa ba ya ce, "Koci, filin wasanku mutum nawa yake ci?"

"Ya fi ƙarfin wani ƙauyen," in ji dattijon yana dariya.

"Kyauta suke shiga?"

"A'a, ai tikiti ma sai mai rabo."

"Kai fa, kyauta kake aiki?"

"Marquell," in ji Mama.

"Tambaya kawai na yi, Mama. Shi ana biyansa. Mai shara ana biyansa. Mai sayar da gugguru ma ana biyansa. To ni da aka zo kallo fa?"

Dattijon bai ji haushi ba, da alama ba ranar ya fara jin irinta ba. Ya ce, "Ilimi za mu ba ka, ɗana. Shi ba mai ƙwace maka."

"Irin wanda aka ba Tyree Gaddis?"

Tyree maƙwabcinmu ne, ya girmi Marquell kaɗan, shi ne gwanin unguwa kafin shi. Wata jami'a ta ɗauke shi, ta zaɓa masa darussan da ba za su hana shi atisaye ba. A shekara ta biyu gwiwarsa ta tashi aiki, ba a sabunta masa tallafin karatun ba. Ya dawo gida yana ɗingishi, ba takardar shaida, ba ƙwallo, yana loda kwalaye a wani sito.

Da baƙon ya tafi Baba ya rufe ƙofa da ƙarfi.

"A gidana za ka ci mutuncin baƙo?"

"Baba, me na faɗa da ba a bakinka na ji ba?"

"Kada ka juya mini maganata. Ni hannu biyu kawai nake da su, ba wanda ya taɓa buɗe mini ƙofa. Kai ana roƙonka ka shiga, kana tambayar farashi."

"In da shugaban masana'antarku ne ya ce ka yi masa shekara huɗu kyauta, zai koya maka aiki, me za ka ce masa?"

"Zan ce masa ubansa."

"To ni ban zagi kowa ba."

Na yi dariya, Mama ta kore ni kicin. Daga can na ji Baba ya sassauta murya, abin da ban saba ji ba. Ya ce, "Yaro, a danginmu kaf ba wanda ya taɓa taka jami'a. Ina so in zauna a kujera in ga an kira sunan Pettway." Marquell ya ce za a kira, amma ba a can ba.

A lokacin doka ta yarda yaro ya tsallaka daga sakandare kai tsaye zuwa babbar gasar ƙwararru, in har wata ƙungiya ta zaɓe shi a ranar zaɓen sababbin 'yan wasa. Amma da zarar ka sa hannu da dillalin da ke nema wa 'yan wasa ƙungiya, ƙwallon jami'a ta haramta gare ka har abada. Koci Hairston, wanda ya horar da shi tun yana ƙarami, ya zo gida ya roƙe shi ya yi ko shekara biyu, ya ƙara nama a jiki. Fasto ya kira shi ofis. Mama ta yi kuka. Ya saurari kowa da ladabi, sannan ya je ya sa hannu da wani dillali mai ƙamshin turare wanda ya rantse masa ƙungiyoyi da yawa na jiran sa.

Ranar zaɓen, a zauren coci aka kafa talabijin. Mata suka kawo kaji da taliya da cuku da wainar dankali mai zaƙi. Marquell ya sa kwat ruwan toka da aka ɗinka masa musamman, don ba kantin da ke da tsawonsa. Baba ya ce ba zai zo ba, sai ga shi ya zo ya zauna a baya, ya naɗe hannu. Aka fara kiran sunaye. Da farko kowane suna in ya wuce sai a yi tsaki a yi dariya. Can dariyar ta ragu. Mutane suka fara tuna suna da aiki da safe, mata na rufe kwanukansu a hankali don kada su yi ƙara. Aka kira sunan ƙarshe, wani yaro ne daga Turai da ba wanda ya iya faɗar sunansa. Marquell ya miƙe, ya gode wa waɗanda suka rage, ya taya Fasto tattara kujeru.

Da safe na same shi a filin bayan coci yana jifa. Na tsaya a gefen filin.

"In kuka kika zo yi, koma gida, Mama ta riga ki," ya ce. "In kuma taimako kika zo, tsaya ƙarƙashin kwando ki riƙa miƙo mini."

Na tsaya na riƙa miƙa masa.

Watannin da suka biyo baya ba daɗi. Dillalin ya daina ɗaukar waya. Wani marubucin wasanni ya cika shafi guda da labarinsa, ya kira shi darasi ga 'yan baya. Koci Hairston ya faɗa a rediyo cewa yaron ya yi wa kansa, kuma ya faɗa da muryar mai baƙin ciki, abin da ya fi ɓata wa Marquell rai. A shagon aski in ya shiga sai hira ta mutu, sai wani ya ce, "Tsani, ya babbar gasa? Ka samo mana tikiti mana." Yakan ce, "In ka iya biyan kuɗin askinka yau, zan duba maka." Baba kuwa ya daina yi masa magana gaba ɗaya. In yana son gishiri, ni yake ce wa in gaya wa yayana ya miƙo.

Da sanyi ya shigo ya tafi wata ƙaramar gasa a Dakota, inda ake yini a bas tsakanin wasa da wasa, 'yan kallo kuma ba su cika benci biyu ba. Daga nan wani ya gan shi ya kai shi Poland. Ya kira ni daga can ya ce miyar kabeji yake ci safe da yamma, kuma yara na bin sa a titi suna taɓa hannunsa. Na ce ya dawo, ko makarantar koyon sana'a ya shiga. Ya ce, "Nadine, ana biyana in yi abin da na fi kowa iyawa a garin nan. Ke ki yi mana karatun." Na kuwa yi. Na shiga jami'a, na gama, Baba ya zauna a kujera ya ji an kira sunan Pettway. Marquell ya aiko da furanni masu yawan da sai da muka ba maƙwabta.

Daga Poland ya koma Turkiyya, kuma a can ne abin da ya gyara tsakaninsa da Baba ya faru. A ƙungiyarsu akwai wani ɗan Saliyo mai suna Alimamy, wanda ƙashin ƙafarsa ya karye ana tsakiyar kaka. Masu ƙungiyar suka ce ya fita daga gidan da suka ba shi kafin ƙarshen mako, za su sa wanda zai maye gurbinsa, shi kuwa ko tsayuwa ba ya iyawa. Ranar wasa na gaba zaure ya cika, alƙali ya fito da ƙwallo. Marquell ya shigo da kayan gida, wando da rigar sanyi, ya je tsakiyar fili ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa. Abokan wasansa suka dubi juna. Ɗaya ya je ya zauna kusa da shi, wani ya bi, har duk suka zauna. 'Yan kallo suka yi ta ihu, wasu na jifa da kwalaben roba. Shugaban ƙungiyar ya sauko da tafinta, ya ce zai kore shi. Marquell ya ce wa tafintan, "Gaya masa ya kore ni, amma sai ya ɗauke ni da hannunsa, kuma ina da nauyi." Kafin a fara wasan nan sai da aka yi alkawari a gaban 'yan jarida cewa Alimamy zai zauna har ya warke. A ƙarshen kaka kuwa suka sallami Marquell.

Ni na ba Baba labari. Yana zaune yana gyaran rediyo har na gama. Sai ya ce, "A ƙasa ya zauna?"

"A ƙasa, Baba."

"Sauran suka bi shi?"

"Duk."

Ya ajiye sukundireba ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Sannan ya ce in kira masa yaron. Da Marquell ya ɗauka, abin da Baba ya fara cewa shi ne, "Kai, wa ya koya maka yajin aiki ba kwali?" Suka daɗe suna magana, Mama na tsaye tana ƙorafin kuɗin waya tana share hawaye.

Ya yi Lebanon, ya yi Venezuela, ya yi Philippines inda suka buga hotonsa a jikin motocin haya. A can ya haɗu da matarsa Marites, ma'aikaciyar jinya ce da ta ɗinke masa gira. Babbar gasa ba ta taɓa kiran sa ba. Sau ɗaya wata ƙungiya ta gayyace shi gwaji da bazara, ya yi kyau, suka ɗauki wani. Wannan ya ci masa rai fiye da yadda yake nunawa, na sani, don har yau in ana nuna wasanninsu a talabijin yakan tashi ya ce zai duba mota.

Ya haura talatin lokacin da ƙurar masana'anta ta gama da huhun Baba. Ya ajiye ƙwallo ya dawo da Marites da 'yarsu, ya kama gida kusa da namu. Shi ke ɗaukar Baba kamar jariri ya kai shi wanka. Wata rana da hantsi ina wurin, Baba ya cire abin numfashi daga hanci ya ce, "Har yanzu dai da ka je jami'ar nan."

"Har yanzu dai da ban je ba, Baba."

"Taurin kai."

"Na gado ne."

Haka suka bar maganar. Baba ya rasu kafin bazara.

Bayan shekara guda shugabar makarantarmu, Uwargida Lattimore, ta kira ni ofis. Ta ce 'yan ƙwallon makaranta sun daina karatu, kowa gani yake shi tauraro ne. "Ki roƙa mana yayanki ya zo ya gaya musu abin da ya same shi. Daga bakinsa za su fi ji." Na gane abin da take so, kuma ban ɓoye masa ba.

"Yaya, so suke ka zo ka yi nadama a gaban yara."

"Yaushe?"

"Za ka je?"

"Ai gayyata ce. Ki ce ina zuwa."

Aka tara yara a zauren da ya taɓa cikawa, da wasu iyaye. Koci Hairston, wanda ya yi ritaya, yana gaba da sandarsa. Uwargida Lattimore ta gabatar da shi da cewa ga mutumin da Allah ya ba baiwa ya yi gaggawa. Marquell ya karɓi makirfo, sai da ya ɗaga sandar makirfon har ƙarshe kafin ya kai bakinsa.

"An kawo ni ne in zama dodo," ya ce. "To ku kalle ni da kyau. Ina da mata, ina da 'ya, ina da gida. Na yi wasa a ƙasashen da ko a taswira ba za ku iya nunawa ba. Ba a zaɓe ni ba, gaskiya ne, kuma ranar ta yi zafi, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ban mutu ba, ban yi bara ba."

Wani yaro daga baya ya ɗaga hannu. "Kawu, ka yi nadama?"

"Na yi nadamar dillalin da na zaɓa. Na yi nadamar kwat ɗin da na saya. Shi ke nan." Yara suka yi dariya. "Ban ce kada ku je jami'a ba. Ga ƙanwata can, ta je, ta fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Amma ita karatu ta je yi, kuma ta yi. In ƙwallo za a ɗauke ka ka je ka buga, sunansa aiki. Ka tambayi me za a ba ka, ka tambayi me zai faru ranar da gwiwarka ta karye. Wanda ya ji haushin tambayar, ka san da wa kake magana." Ya ɗan tsaya, ya dubi layin 'yan ƙwallon. "Ku kuma, na leƙo atisayenku jiya. Ku yi haƙuri, a cikinku ba wanda ya kama ƙafata. Ku dai ku riƙe littafi da kyau."

Zauren ya kaure da dariya. Uwargida Lattimore ba ta yi ba, kuma ta yi wata guda tana gaishe ni da kai kawai.

A wajen ajiye motoci Koci Hairston ya tare shi.

"Tsani, da ka ba ni shekara biyu a jami'a, da yanzu ana sayar da takalmi da sunanka."

"Wataƙila, Koci. Ko kuma da ina loda kwali tare da Tyree."

"Ba ka sani ba."

"Kai ma ba ka sani ba. Amma ka faɗa a rediyo kamar ka sani."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na faɗa." Marquell ya buɗe masa ƙofar mota, ya riƙe masa sanda har ya zauna, ya kai shi gida.

Yanzu sana'arsa shimfiɗa da goge daɓen katako na zaurukan wasa. Tyree ne ke riƙe masa ofis. Makarantu da coci-coci yana yi musu sauƙi, amma in jami'a ce ta kira, ba ya rage ko sisi, kuma sai an biya rabi kafin ya sauke inji daga mota. Da dokoki suka canza aka fara barin 'yan wasan jami'a su karɓi kuɗi, wani ɗan jarida ya bugo yana so ya ji ta bakinsa. Ya ce wa Tyree ya gaya masa yana aiki. Mama, wadda ta haura saba'in, ba ta sauka daga ra'ayinta ba. Duk lokacin da ta ga tsoho a talabijin ya karɓi digiri, sai ta kira shi ta ce ya kunna tasha kaza.

Bazarar da ta wuce na kai masa abincin rana a wani zaure da yake gogewa. Ba kowa sai shi, da safa a ƙafa, gemunsa ya yi fari da garin katako. Na ce Mama ta ce in gaya masa akwai darussan yamma a kusa da gidansa.

"Ki ce mata na gode."

"Ta ce kada in dawo mata da na gode."

"To ki ce mata a'a. Me kika kawo?"

Na ce kaza ce da shinkafa. Ya zauna a bencin 'yan kallo ya buɗe kwanon, ya nuna mini gefen da ya gama, ya ce in zan wuce in cire takalmi.